Cibiyar Fasaha ta Yola Na Buƙatar Masu Saye

A 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe cibiyar ƙirƙirar fasaha ta Arewa maso Gabas a Yola, domin matasa su nemo mafita ga halin da rikicin Boko Haram ya jefa yankin. Garin ba ya rashin masu basira: Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya na yaye masana kwamfuta duk shekara. Sai dai da yawansu Abuja ko Legas suke nufa, kuma ba ma ganin laifinsu. Wanda ya haɗa manhaja yana buƙatar wuta, intanet mai araha, uwa uba mai saye. Ya kamata gwamnatin Adamawa ta haɗa waɗannan matasa da 'yan kasuwar Jimeta da dillalan shanun Ngurore, ita ma ta riƙa sayen aikinsu.