Koko Kaɗai Ba Zai Riƙe Tsoho Ba

'Yan'uwa, duk wanda ya saba bin 'yan zumunta zuwa gaishe da marasa lafiya ya san abin da zan faɗa. Za ka tarar da Baba ko Iya a kwance, haƙora sun zube, ko kuwa shanyewar ɓarin jiki ta sa haɗiya ta yi wuya, ga kofin koko a gefe. In ka tambaya sai a ce, "Ai shi kaɗai ke shiga." Safe koko, rana koko, dare koko. Bayan 'yan watanni tsoho ya rame, mu ce tsufa ne. Ni dai a ganina, sau da yawa yunwa ce.

Koko gasara ce da ruwa da sukari. Yana cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne, ga shi kuwa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, kuma ba ya bukatar haƙori. Haka alala, kunun gyaɗa, kindirmo, wake da aka dafa ya yi luguf aka tuƙe, da kifin da aka cire wa ƙaya. Nama ma a dafa, a niƙa, a zuba cikin miyar kuka ko kuɓewa, a ba shi da tuwo mai laushi. A haɗa da kabewa, ayaba ko gwanda da aka murje. Mai ciwon sukari kuwa a rage masa zaƙi.

Amma rashin haƙori daban, matsalar haɗiya daban. Mai matsalar haɗiya ko ruwa zalla yana iya sarƙe shi ya bi hanyar numfashi, daga nan sai ciwon huhu. Idan yana tari lokacin ci, ko muryarsa ta canja bayan ya sha ruwa, a kai shi asibiti a duba irin kaurin abincin da ya dace da shi. A zaunar da shi sosai kafin ya ci, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, kada ya kwanta sai bayan minti 30. Kada a ɗura wa mai gyangyaɗi abinci. A guji fura mai gudaji, kuma a wanke masa baki bayan ya gama.

Wani zai ce kayan abinci sun yi tsada. Gaskiya ne. Sai dai yawancin abubuwan nan suna cikin tukunyar gida. Turmi da haƙuri ake bukata. Mu masu zuwa gaisuwa kuma, maimakon lemon kwalba da burodi, mu riƙe ƙwai ko alala. Sannan a riƙa fito da tsoho ya ci tare da iyali, gama cin abinci shi kaɗai a ɗaki yana kashe marmari.

Su ne suka dama mana kunu muna jarirai. Yau lokacinmu ne.