Zauren Asusu: Kafin ki sayi tsohuwar mota

 Duk lokacin da rabon asusu ya kusa, sai shawarwari su yi yawa. Wata za ta sa tumakin kiwo, wata injin markaɗe. Bana kuma maganar da ke yawo ita ce ta mota. Ƴar kasuwa ta gaji da jiran tasha, ta gaji da ɗora buhu a kan kabu-kabu, ga dillali yana ce mata akwai wata ƴar tsohuwa mai lafiya, kuɗinta kaɗan. To a saya ko a bari?

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta shekara ashirin tana yawo, kuɗin da kika miƙa ranar ciniki somin taɓi ne. Abin tambaya shi ne: bayan kin saye ta, za ki iya ciyar da ita kowane wata ba tare da kin taɓa jarinki ba?

Mu yi lissafi. A ce motar tana shan lita 8 a kilomita 100, kina yin kilomita 30 a yini, kwana 26 a wata. Kusan lita 62 ke nan. In lita ɗaya dala ɗari ce, kin ga jaka 31 ta tafi a mai kaɗai. Ba a zo ga juyen baƙin mai ba, da taya, da batir. Ga asirans, ga binyat, ga bizit, kowanne da lokacinsa. In ba ke za ki tuƙa ba, ki ƙara kuɗin direba. Sannan ga ranar da za ta tsaya miki tsakanin Tasawa da Takeita da kaya cike, rana tsaka a watan Afrilu.

Shi ya sa shawarata ta farko ita ce gwaji. Ki haɗa lissafin nan duka, ki riƙa ware kuɗin kowane wata har wata 3 kamar motar tana ƙofar gidanki. In kin iya ba tare da tukunya ta yi sanyi ba, ba tare da kin makara zubi ba, to kina da ƙarfinta, kuma abin da kika tara ya zama kuɗin gyara. In kin kasa tun wata na farko, kin samu amsa ba ki yi asarar ko dala ba.

Na biyu, bashin asusu ba na mota ba ne. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, bashinmu na ɗan lokaci ne: ki ɗauka, ki juya, ki maido. In ƙungiyarku tana karɓar kashi 10 cikin 100 a wata, kika ɗauki jaka 500, riba kaɗai jaka 50 ce kowane wata. Mota ba ta maido kuɗinta cikin wata 3. In ta kwanta a gareji, ranar taro ba ta jira, kuma kuɗin na maƙwabtanki ne da za ku haɗu gobe a gidan suna.

In lissafi ya fita, to ga abin da za ki kula ranar dubawa. Ki je da makaniken da ke kika zaɓa, ki biya shi ladansa. Na dillali cinikin yake so ya faɗa. Ku je da sassafe injin na sanyi, don mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar injin na cin baƙin mai ne. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa, ko kumfa kamar madara a murfin mai, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, kuma gyaran nan da tsada. A duba ƙasan inda ta kwana ko akwai ɗigo. A hau da ita hanyar gargada, a saurari ƙafafunta, a ga ko tana zafi. Ki kuma tambaya ko ana samun kayan gyaranta a garinku. Toyota kusan kowane gareji ya san ta. Wata kuwa ƙaramin ƙarfe sai an aika Kano ko Yamai.

Sai takardu, inda mata suka fi cutuwa. Lambar da ke jikin ƙarfen motar ta zama daidai da ta kart giris. Motar da ta tsallako daga Najeriya da araha, in ba a biya mata duwan ba, wannan kuɗin yana nan yana jiranki, kuma ana iya tsare ta a hanya. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu. In kuɗinki ne, sunanki za a sa, ba na maigida ba, ba na ƙane ko ɗa ba. Ba rashin yarda ba ne. Ranar rabon gado ko ranar saɓani, takarda ake tambaya.

Kada ki zuba duk abin da ke hannunki. In kina da miliyon 2, ki nemi ta miliyon 1 da rabi, sauran ya zauna don gyaran farko. In kuwa lissafi ya ƙi, babu abin kunya. Ku haɗu ku huɗu ku ɗauki shatar mota ranar kasuwa, jarinki yana hannunki yana haihuwa, baɗi a sake dubawa.

A taronku na wannan mako, ku nemi wadda gidansu ke da mota ta faɗa muku gaskiyar abin da take ci a wata. Allah ya sa albarka a zubinmu.