Waiwaye: Ranar da fatar idon Yaya ta sauka

A bazarar 2017 sanƙarau ya yi ƙamari a jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi, har ya zama duk wanda wuyansa ya sage a Jabo, sunan cuta ɗaya ake kira. A cikin wannan zullumi yayana ya faɗi a gonarsa ta albasa, yana tsakiyar ban ruwa. Shekarunsa 36. Da aka kawo shi gida yana riƙe da ƙeya yana cewa, "Inna, wanga ciwon kai ban taɓa jin irinsa ba." Ya yi amai, wuya ya ƙage. Muka ce sanƙarau ne, wasu dattawa suka ce iska ce ta fadama.

Abin da ba mu kula da shi ba, jikinsa ba zafi, kuma ciwon a cikin ƙiftawar ido ya sauko masa. Sanƙarau yakan zo da zazzaɓi. Ga kuma abin da har gobe yake cin raina: kusan mako guda kafin nan fatar idonsa na hagu ta sauka, yana ganin abu biyu-biyu. Ni da hannuna na sayo masa maganin ɗigawa.

Sai a kwana na uku muka kama hanyar Sakkwato, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Hoton kai ya nuna jini ya kwarara a kewayen ƙwaƙwalwa. Likita ya yi mini misalin jijiyar jini da tiyon ban ruwa: idan wuri guda ya yi laushi, sai ya kumbura, wata rana ya tsage. Ta Yaya, jijiyar bayan ƙwaƙwalwa ce, wadda ke kai jini ɓangaren da ke sarrafa gani. Cikin kumburin jijiyoyin kai ɗari, ɗaya ko biyu ne kan faɗa kanta, kuma sau da yawa masu ƙananan shekaru yake samu. Dab da ita ne jijiyar da ke ɗaga fatar ido da juya ƙwayarsa take ratsawa. Da kumburin ya girma sai ya danne ta. Ashe idon nan gargaɗi ne.

Magani hanya biyu ne. Ko a buɗe kai a datse wuyan kumburin da ɗan matsi na ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937, kuma maras lafiyan nasa ma da saukakken ido ya zo. Ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai, a cusa lallausan zaren ƙarfe ya toshe kumburin, dabarar Guido Guglielmi ta farkon shekarun 1990. Ita jijiyar bayan ƙwaƙwalwa tana da zurfi, shi ya sa a wasu lokuta akan toshe ta gaba ɗaya, a bar ƙananan jijiyoyin gefe su ɗauki nauyi. Gaggawar kuwa saboda sake fashewa ya fi aukuwa a awa 24 na farko, sannan daga kwana na 3 zuwa na 14 jijiyoyi kan tsuke, don haka ake shan maganin nimodifin har kwana 21.

Mun sayar da shanu biyu, aka yi wa Yaya aiki, Allah ya tashe shi. Amma rabin ganinsa na dama ya tafi a idanun biyu. Yakan ci tuwon ɓangaren hagu na kwano ya bar na dama, sai Inna ta juya masa. Ya bar taba, yana auna hawan jini duk wata. Idan zai tsallaka titi a Tambuwal, sai ya juya kansa gaba ɗaya, ni kuma in tsaya a damarsa.