Jitar talaka da iskar hunturu

A Gure, uban da ɗansa ya roƙe shi jita bai kamata ya ci bashi ba. Jita mai araha da ake ƙerawa a ƙasar Sin, kwaikwayon Martin D-28 da Amurka ta fitar a 1931, ta wadatar. Ta ainihi katako ce zalla, bushewar hunturu na iya tsaga ta. Ta kwaikwayo kuwa falanki ne da aka liƙa hawa-hawa, shi ya sa ta fi jurewa. Bukatarta sabuwar tsirkiya da ajiya a inuwa. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tasker, wanda ya rasu a 2018, da gurmi mai tsirkiya biyu ya fara yin suna. Kafin a tambayi kuɗin jita, a dubi yatsun yaro.