Zafin Sahara da Ruwan Marka: Ina Shirinmu?

Duk wanda ya taɓa kwana a karkarar Dambatta, Bichi ko Kunchi cikin watan Agusta ya san yadda lamarin yake: a wuni ana gumi, da la'asar hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Dattawanmu sun fi tsoron fari, domin sun ga na 1973 da na 1984. Amma yanzu barazanar ta sauya kama. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa ruwa mai tsananin ƙarfi haɗe da iska ya ninka har sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Dalili kuwa shi ne zafin Sahara na ƙaruwa fiye da na ƙasashen da ke kudancinta, kuma wannan bambanci ne ke ƙara wa hadari ƙarfi.

A yankin da gona ke manne da gona, babu saurar da za a koma, irin wannan ruwa kan kwantar da gero, ya wanke taki, ya rusa ginin ƙasa.

Saboda haka wajibi ne hasashen hukumar NiMet ya riƙa isa ga manomi cikin Hausa, ta rediyo da malaman gona na KNARDA. Haka kuma a duba lafiyar madatsun Tomas, Gari da Watari kafin kowace damina. Ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ta ishe mu darasi.