Tsatsar Tsohon Takobi Ma Shaida Ce

A gidajen sarauta da na tsofaffin mayaƙa a ƙasar Yandakan Katsina da ta Maraɗin Katsina, wato Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a rasa takobi rataye a turaka. Duk wanda ka tambaya shekarunsa, amsa guda ce: da shi kakanmu ya yi jihadi. Ba na ƙaryata kowa. Sai dai in har duk takubban da ake jingina wa zamanin Ummarun Dallaje na lokacin ne, to rundunarsa ta fi ƙarfin ƙidaya.

Wani ɗalibina ɗan Kurfi ya ƙi yarda da faɗar baki, ya ce sai ya binciko shekarun takobin gidansu da kansa. Dalilinsa mai ƙarfi ne: wani dillalin kayan tarihi ya taya, magada sun rabu biyu, masu cewa a sayar da masu cewa a bari. Ya ga tambarin jinjirin wata guda biyu a ruwan takobin, ya karanta cewa irin wannan tambari daga Turai ya samo asali, nan take ya yanke masa shekara ɗari huɗu. Domin tambarin ya fito sosai a hoto, sai ya sa samfefa ya goge ruwan tas.

Rabin karatunsa daidai ne. Ruwan takubba da yawa an ƙero su a Turai, musamman Solingen ta Jamus, fatake suka ratso da su Sahara, dukawanmu suka yi musu kube, maƙera suka yi ƙota. Amma maƙeran Hausa da na Azbin sun daɗe da gane cewa tambarin yana ƙara wa takobi daraja, su ma suka riƙa buga shi a kan nasu. Saboda haka tambari kaɗai ba ya yanke hukunci. Kube da ƙota kuwa sun fi shi ruɗarwa, domin fata tana ruɓewa a sake ta. Ana iya samun tsohon ruwa cikin kuben da bai wuce hawan Sallah goma ba.

Gogewar ita ta fi ci mini rai, kuma a nan ya kamata mu leƙa Japan, inda tantance takobi ya zama fanni mai zaman kansa. Masaninsu yakan zare ƙota ya dubi wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki. Can maƙeri yake sa sunansa, wani lokaci har da shekara. Amma sun san ana ƙirƙirar sa hannu, balle na mashahuri irin Masamune, wanda ya rayu wajen shekarar 1300, kuma ba kasafai yake sa suna a aikinsa ba. Sai su koma ga lanƙwasar ruwan, da zanen da wuta ta bari a bakin kaifi, da launin tsatsar wutsiya, wadda take ƙara baƙi gwargwadon tsufa. Da irin waɗannan suke raba takubban da suka riga 1596 da na bayanta. Wanda ya kankare wannan tsatsa ya zubar da darajar takobin da hannunsa. Tun 1948 suke da ƙungiya a Tokyo wadda take duba takobi ta ba shi takardar shaida.

Mu ma ba a bar mu haka ba. A 1964 masanin tarihi A.D.H. Bivar ya wallafa nazari kan makaman Arewa, har da Gajere, takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Korau. Abin da muka rasa shi ne wanda talaka zai kai wa nasa, ban da dillali, wanda ribarsa tana cikin rashin sanin mai kaya.

Na ce wa ɗalibin ya ajiye samfefa, ya shafa mai kaɗan ya bar abin da ya rage. Ya auna tsawo da faɗi, ya ƙirga tsagin da ke tsakiyar ruwan, ya duba ko tambarin bugun hatimi ne mai tsafta ko sassaƙar hannu. Sannan ya zauna da tsofaffin gidan ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa rataya shi, ɗa daga uba, domin wannan silsila tana iya kai shi inda ƙarfe bai kai ba. Na kuma tuna masa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana sayar wa kowa kayan tarihi sai hukumar ko wakilin da ta amince da shi. Kafin magada su sake zama da dillali, akwai gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina, kuma daga Kurfi tafiyar ba ta da nisa.