Darasin katse layin waya a Sheme da batun rediyon oba-oba

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Ba a jima ba, cikin Satumba, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu bayani. Sai dai gwamnatin da kanta ta bayyana daga baya cewa maharan sun koma amfani da rediyon oba-oba. Wanda ya rasa bakin magana shi ne ɗan kasuwa da malamin asibiti da mai unguwa.

Wannan giɓi ne ya kamata a waiwaya tun kafin a sake shiga irinsa. Masu sha'awar rediyo, waɗanda a Najeriya lambar kiransu ke farawa da 5N, sun daɗe suna haɗa na'urar aikawa da karɓar saƙo da kwamfuta. Kwamfutar tana mayar da rubutu ya zama sauti, rediyon ya ɗauki sautin a kan gajeren zango, ya cilla shi ɗaruruwan kilomita ba tare da turken kamfanin waya ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren wata kwamfutar ta mayar da shi rubutu. Da tsarin Winlink har imel ake aikawa ta haka. Shi aka yi amfani da shi a Puerto Rico a 2017, bayan guguwar Maria ta kwantar da layukan tsibirin. Batir da farantin sola da waya mai tsawo a rataye tsakanin bishiyoyi biyu sun isa.

Amma kada fataken shanu na Sheme su yi saurin murna. Dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ba su yarda a yi ciniki a zangon masu sha'awar rediyo ba, kuma sun hana lulluɓe saƙo. Ma'ana, duk mai na'ura yana iya karanta abin da aka aika, har wanda ke cikin daji. Ga lasisi, ga kuma jami'in tsaron da zai ga eriya a bayan gida ya fara tambaya, kuma da gaskiyarsa.

Saboda haka wurin wannan fasaha shi ne sakatariyar ƙaramar hukuma da babban asibiti, a kan zangon da gwamnati ta ware wa kanta, inda ɓoye saƙo ya halatta. Jerin waɗanda aka jikkata ko buƙatar jini daga Faskari zuwa Katsina rubutu ne na 'yan layuka, ba ya neman intanet mai ƙarfi. Abin da yake nema shi ne ma'aikacin da aka horar, da kasafin da zai sayi batir idan na farko ya mutu.